Sanyin Haƙori Bayan An Cike Shi: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙaraye Da Rogo

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Ƙaraye da ta Rogo, watau ƙasashen nan biyu da dokar Jihar Kano ta 2024 ta sa a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Ana so su karanta ta a tsanake, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwanni abin da ke ciki, su kuma su kai shi ga talakawa.

Maganar kuwa ita ce. Mutum ya kan bar aikinsa, ya biya kuɗin mota, ya bi ta Gwarzo zuwa Kano, likita ya share masa kogon haƙori ya cike shi da wani farin abu mai kama da haƙorin kansa. Ya komo gida yana murna. Kashegari da sassafe ya kurɓi ruwan randa, sai ya ji wani abu ya tsira masa daga haƙorin har tsakar ka. Nan da nan sai ya ce aikin bai yi ba, an ci kuɗinsa a banza. Da ya ke komawa Kano da wuya, sai ya nufi wanzami ko mai cire haƙori na ranar kasuwa, a tumɓuke haƙorin da aka riga aka ceto. Wannan hasara ce sau biyu, gama kuɗi sun tafi, haƙori kuma ya tafi, ga shi haƙorin babba ba ya sake tsirowa. Abin da ya fi wannan muni, duk wanda ya ji labari a unguwar sai ya ƙudurta ba zai kai nasa bakin asibiti ba.

Galibin irin wannan sanyin haƙori mai wucewa ne. Kaɗan daga ciki na bukatar ɗan gyara, wanda ba ya ɗaukar likita lokaci. Kaɗan ƙwarai kuma alama ce ta cuta mai hatsari. Muradin wannan takarda shi ne shugabanni su san yadda a ke rarrabe ukun nan.

YADDA HAƘORI YA KE

Babban mutum yana da haƙora 32 in sun cika, yaro kuwa yana da 20 na nono. Kowane haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da ido ke gani. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, ko ƙashi bai kai shi ba, kuma ba ya jin zafi ko sanyi, kamar dai farce. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, mai ɗan rawaya, wanda likitoci ke kira dantin, mu kuwa a nan za mu kira shi ƙashin haƙori. Can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da jijiyar ji su ke zaune.

Shi ƙashin haƙorin nan, ko da ya ke a ido kamar dunƙulalle ne, cike ya ke da 'yan ƙananan bututu waɗanda su ka taso daga ɓargo su ka nufi waje. Gashin kai ya fi kowannensu kauri fiye da sau ashirin. A wurin da bai wuce milimita ɗaya tsawo da faɗi ba, watau wurin da bai kai ƙwayar gero ba, a kan sami kamar 20,000 a kusa da ɓawo, har su kai kamar 45,000 a kusa da ɓargo. Kowane bututu kuma da ruwa a cikinsa. Wanda ya taɓa duban gaɓar rake da aka sare ya ga yadda zare-zarenta ke riƙe da ruwa, to, ya sami misalin abin.

Wani masani na ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ne ya bayyana a cikin shekarun 1960 yadda wannan ruwa ke jawo zafi. In sanyi ya taɓa ƙashin haƙori, ko iska, ko zaƙi, ko aka danne shi, sai ruwan da ke cikin bututun ya motsa da sauri, motsin nan kuwa shi ke taɓa jijiya a can ciki. Jijiyar haƙori ba ta san wata magana ba sai zafi. Ko me ya taɓe ta, zafi za ta ce. Saboda haka duk abin da ya buɗe bakin bututun nan, ko ya sa ruwansu kai da kawowa, zai sa haƙori ya ji sanyi, ko da babu sauran ruɓa a cikinsa. Daga lissafin da ke sama kuma za a gane dalilin da ya sa rami mai zurfi ya fi damun mai shi bayan ciko, domin can ƙasa bututun sun fi yawa, sun kuma fi faɗi.

Ba tsutsa ke cin haƙori ba, ko da ya ke an daɗe ana faɗin haka, a nan da sauran ƙasashen duniya. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a dattin baki, su ci sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawo har ya huda shi. Masu nuna wa mutane 'yan tsutsotsi a cikin ƙwarya bayan sun yi turare, da su su ka zo.

CIKO FARI DA CIKON AZURFA

Dattawan da su ka je asibiti a da sun san cikon azurfa, mai launin dalma, wanda likitoci ke kira amalgam. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuwa azurfa da kuza da tagulla. Ba ya manne wa haƙori, cusa shi a ke yi a rami a danna, siffar ramin ta riƙe shi. Yana da ƙarko ƙwarai. Amma zaiba guba ce in ta shiga ruwa da ƙasa, kamar yadda aka gani a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutarta a 1956 a jikin mutanen da ke cin kifin da dattin wata masana'anta ya gurɓata. Saboda haka ƙasashen duniya su ka ƙulla yarjejeniya a 2013, aka sa mata sunan garin, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. A 2022 aka ƙara sharaɗin a guji sa cikon azurfa ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu ciki, da masu shayarwa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun daga farkon 2025, sai inda likita ya ga babu makawa. Ke nan ciko fari zai yi ta ƙaruwa a asibitocinmu, kukan sanyin haƙori kuma zai yi ta zuwa ƙofar hakimai. Amma a lura, wanda ke da tsohon cikon azurfa lafiyayye, kada ya je a ƙwaƙule masa shi don jin wannan labari. A bar shi inda ya ke.

Shi ciko fari, wanda a ke kira kwamfozit, haɗi ne na wani irin danƙo da garin gilashi mai laushi. Asalinsa daga Amurka ne. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa in an shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid kaɗan, sai fuskarsa ta yi kaushi, danƙo ya kama ta. A 1962 kuma Rafael Bowen ya fito da irin danƙon da har yanzu shi ne tushen yawancin ciko fari. Amfaninsa a fili ya ke: kalarsa ta haƙori ce, kuma da ya ke mannewa ya ke yi, ba sai an fafe lafiyayyen haƙori da yawa don a sama masa wurin zama ba.

Sai dai aikinsa na da saɓi, kuma a nan ne sanyin ke samo asali. Bayan likita ya share ruɓa, sai ya shafa asid ɗin nan na ɗan lokaci, kamar daƙiƙa 15 a kan ƙashin haƙori, ya wanke. Asid ɗin na buɗe bakin bututun da aka ambata. Sai ya shafa gam wanda zai shiga ya toshe su, ya haska masa wata fitila mai shuɗin haske. Sa'an nan ya riƙa sa cikon kaɗan-kaɗan, kauri kamar milimita 2, kowane sahu ya haska shi daƙiƙa 20 zuwa 40 har ya daskare. In asid ya daɗe fiye da kima, ko an busar da ramin ƙwarai da iska, ko yawu ya kwararo ya jiƙa wurin kafin gam ya kama, ko hasken fitilar ya yi rauni, to, waɗansu bututu za su zauna a buɗe a ƙarƙashin ciko.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta cikon kansa wadda ba laifin kowa ba ce. In yana daskarewa ya kan tsuke, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Magina sun san wannan a yaɓe: in aka maka laka mai kauri gaba ɗaya, tana bushewa sai ta tsage, ta janye daga bango. Shi ya sa gwanin magini ke yi sahu-sahu, yana barin kowanne ya sha iska, shi ya sa kuma likita ke sa ciko kaɗan-kaɗan. Duk da haka tsukewar na jan bangon haƙorin ciki, wani lokaci ta bar ɗan gibi wanda ido ba ya gani. In mutum ya tauna, sai cikon ya danna ruwan da ke gibin, ruwan ya motsa, jijiya ta amsa.

Bayan wannan duka, a tuna haƙorin da ma ba lafiya gare shi ba kafin a kai shi. Ruɓa ta daɗe tana matsowa kusa da ɓargo, ga zafin injin da aka share shi da shi da girgizarsa. Ɓargon ya kan ɗan kumbura, kamar yadda yatsa ke yi in an cire masa ƙaya. An fid da ƙayar, amma wurin zai yi kwanaki yana tsami.

YADDA A KE RARRABEWA

Wannan shi ne sashen da a ke so malaman hakimai su riƙe da ka. Ba a ce su zama likitoci ba. Tambaya uku kawai za su yi wa mai kuka: me ke ta da zafin, in ya tashi yana daɗewa ko yana wucewa, kuma yau ya fi jiya sauƙi ko ya fi tsanani.

In mutum ya ce sai ya sha ruwan sanyi, ko ya shaƙi iska ta baki, ko ya ci zaƙi, sa'an nan ya ji tsirawar, kuma da ya haɗiye ruwan sai ta ɗauke cikin daƙiƙa kaɗan, dare kuma yana barcinsa, to, wannan shi ne mai wucewa. Ya kan ragu a hankali cikin kwanaki, yawanci ya ɓace cikin mako biyu zuwa huɗu. Rami mai zurfi ya kan ɗauki fiye da haka. Muddin dai kowane mako ya fi na bayansa sauƙi, a ba shi haƙuri, kada a taɓa haƙorin. Da ma haƙori na da dabarar kansa, gama ɓargo ya kan gina sabon ƙashi daga ciki ya kare kansa, sai dai ginin ba na kwana ɗaya ba ne.

Iri na biyu shi ne wanda ya ce ruwa bai dame shi sosai ba, amma in ya haɗa baki sai ya ji haƙorin nan ya riga sauran haɗuwa, in ya tauna tuwo ma sai ya ji shi. Wannan ciko ne ya yi tudu. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne: lokacin da likita ya ce masa ya ciza a gani, bakinsa a mace ya ke da allura, bai iya faɗin daidai ba. Baki kuwa ma'auni ne mai tsanani, silin gashi ɗaya in ya shiga tsakanin haƙora sai an ji shi. Tudun da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya sa haƙori ɗaya ya ɗauki nauyin da haƙora da yawa ke rabawa, har saiwarsa ta yi tsami. Kada a ce masa ya jira tudun ya goge da kansa, domin ciko fari na da tauri, haƙorin zai wahala kafin cikon ya ci. Ya koma. Likita zai ba shi wata 'yar takarda mai launi ya ciza, wurin tudun ya fito, a goge shi cikin 'yan mintoci, galibi ba ma sai an yi allura ba. Abin takaici ne a rasa haƙori saboda gyaran da bai kai tsawon shan shayi ba, amma ana rasawa.

Kusa da wannan akwai wanda zafinsa ke zuwa kamar walƙiya in ya ciji abu mai tauri, musamman a lokacin da ya saki cizon. Wannan na nuna ko gibi a ƙarƙashin ciko, ko tsaga a jikin haƙorin. Shi ma na komawa ne. Sau da yawa sai an cire cikon an sake sabo, wani lokaci likita ya fara shimfiɗa wani abu a gindin ramin don ya kare ɓargo. Haka kuma in sanyi irin na farko ya wuce wata guda bai ragu ba.

Iri na uku shi ne wanda ba a wasa da shi. Zafi ya zo da kansa ba tare da an ci ko an sha ba. Ko kuwa ruwa ya tashe shi amma ya ƙi kwantawa, ya yi rabin minti ko mintoci yana zogi. Ya ta da mutum daga barci, ya ƙaru in an kwanta, ya riƙa bugawa kamar ganga, ya haura kunne ko gefen kai. Shayi mai zafi ya fi ruwan sanyi tayar da shi, har a ga mutum na yawo da ruwan sanyi yana guntsa don ya sami sauƙi. Wannan ɓargon ne ya kumbura kumburin da ba zai saɓe ba, yana cikin ɗaki mai bangon dutse, babu inda zai buɗa. Ba lalle ne a ce likita ya yi kuskure ba, sau da yawa ruɓar ce ta riga ta yi nisa kafin a zo, aka gwada ceton jijiyar bai yiwu ba. Har a nan ma ana iya tsirar da haƙorin, a cire ɓargon da ya lalace, a wanke saiwar, a toshe ta, haƙori ya zauna yana aiki shekara da shekaru. In kuwa cirewa ta zama tilas, a bar likita ya cire da kayan da aka dafa.

A kula da wani tarko a nan. Mai irin wannan zogi ya kan wayi gari wata rana ya ji shiru, ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuwa na nan suna gangarawa saiwa. Bayan kwanaki ko watanni sai kumburi ya fito.

In fuska ta kumbura, ko ƙarƙashin haɓa, ko kusa da ido, ko zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ko numfashi ya soma sarƙewa, to, ran nan za a kai shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran ranar kasuwa a sami mota, ba a jiran a sayar da hatsi. A kai shi babban asibiti mafi kusa, na Ƙaraye ko na Rogo, su kuma su san inda za su tura shi. Kumburin haƙorin ƙasa na iya bin ƙarƙashin harshe ya toshe maƙogwaro, mutum ya rasa ransa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ciwon sukari, da mai sikila, da mace mai ciki, kada ma su jira a kai ga haka, da sun ji zafi na ƙaruwa su koma. Ciki ba ya hana a duba haƙori, ta dai faɗa wa likita tana da shi.

ABIN DA MAI CIKO ZAI YI A GIDA

Ciko fari na daskarewa tun a kujerar likita, ba kamar na azurfa ba wanda sai ya kwana kafin ya gama ƙarfi. Abin jira kawai shi ne allura ta sake, kada mutum ya tauna leɓensa ko harshensa bai sani ba. A sa ido kan yara a wannan sa'o'i.

A makonnin farko ya sha ruwa mai ɗumi-ɗumi, ko wanda ya ɗan sha iska. Ruwan randa na asuba a lokacin hunturu, da ruwan ƙanƙara da a ke rububi a kai wajen buɗa-baki in azumi ya faɗo a bazara, su ne manyan masu ta da shi. Masunta da masu noman rani na bakin madatsar Calawa, waɗanda ke fita tun duhu cikin iska mai sanyi, su rufe baki da rawani ko mayafi su yi numfashi ta hanci. A rage kayan tsami, irin su kunun tsamiya da zoɓo da lemon tsami da lemon kwalba, gama tsami na sake buɗe bakin bututu. In an sha, a kurkure baki da ruwa, a dakata kamar rabin sa'a kafin a goge. Rake da aya da ƙashi da goro, a tauna su ta ɗaya gefen har wurin ya kwanta. Alewa da mazarƙwaila kuwa, su ne da ma su ka haƙa ramin farko, kuma ruɓa na iya sake kamawa ta gefen ciko kamar yadda ta kama haƙorin.

Kada a daina goge haƙorin don tsoron taɓa shi. A goge da buroshi mai laushi ko asuwaki da aka tauna bakinsa ya yi laushi, a hankali, safe da dare, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Akwai irin man da aka yi musamman domin sanyin haƙori, kamar Sensodyne da makamantansa. Ba ya aiki ran da aka fara, sai an yi kamar mako biyu ana amfani da shi. In an goge a tofar, kada a bi da ruwa a wanke shi duka. Gawayi da toka da yashi na kankare ɓawo da cikon tare, a bar su. Goro da taba da fure da baƙin shayi kuma na rina ciko fari, musamman gefensa. Rini ba ciwo ba ne, amma wanda aka yi wa ciko a haƙoran gaba ya sani.

In zafin ya dame shi ya sha farasitamol yadda aka rubuta, babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su nisanci ibuprofen da danginsa sai da izinin likita. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su da aiki a kan sanyin haƙori ko tudun ciko, shansu ɓarnar kuɗi ce, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Likita ne zai ce ga lokacin da a ke bukatarsu.

Abubuwan da a ke cusawa a haƙori sun fi kome ɓarna. Ƙwayar asfirin da a ke dannawa a dasashi na ƙona naman wurin ya yi fari. Ruwan batir da fetur da kanwa su ma ƙuna ce, ruwan batir kuwa har haƙorin ya ke narkarwa. Kanumfari ya fi su dama, gama mansa na kwantar da zogi na ɗan lokaci, likitoci ma na amfani da shi. Amma yana ɓoye alama, kuma man nasa na hana ciko fari kamawa sosai. Wanda ya sa shi ya faɗa wa likita.

ABIN DA A KE SO DAGA HAKIMAI

Na farko, a sa dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a tun kafin su tafi, cewa jin sanyi bayan ciko abu ne sananne. Mutumin da aka gaya wa tun farko ba ya firgita. Wanda zai yi doguwar tafiya don ciko kuma, a shawarce shi kada ya tashi daga kujera sai ya ciza ya gwada sosai, in ya ji tudu ya faɗa, ba rashin kunya ba ne. In da hali ya kwana a birni wurin 'yan'uwa, ya ci abincin dare da na safe ya ji yadda bakin ya ke kafin ya hau mota. Kwana ɗaya ya fi tafiya biyu araha. Ya kuma tambayi zurfin ramin, da ranar da a ke so ya dawo, ya karɓi lambar wayar asibitin, ya adana katinsa.

Malamin hakimi, in mai kuka ya zo, ya rubuta masa a 'yar takarda ranar da aka yi cikon, da wane haƙori ne, sama ko ƙasa, dama ko hagu, da amsoshin tambayoyin nan uku, da duk abin da ya sha ko ya cusa. Ya ba shi ya tafi da ita. Mutanenmu da yawa in sun zauna gaban likita sai su ce ciwo dai ya ke yi, alhali maganin na cikin bayanin. Wani lokaci ma ba haƙorin da aka cike ke ciwon ba, na kusa da shi ne, ko kuwa mura ce ta hunturu ta cika kogon kumatu ta sa turamen sama duka su ka yi tsami. Gwaji da hoto ne ke raba wannan. A koma wurin wanda ya yi aikin tukuna, domin shi ya ga cikin ramin. In abin ya gagara, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a birnin Kano.

Hakimi ya kira Sarkin Aska da wanzaman ƙasarsa, da masu kyamis, ya yi magana da su cikin mutunci, gama mutane sun amince da su, kuma su a ke fara zuwa wa. Roƙon da za a yi musu guda ne: duk haƙorin da su ka ga an cike, kada su cire, kada su sa masa kome, su tura mai shi ya koma inda aka yi, mai kumburi kuwa su tura shi asibiti nan take. Baƙin da ke shimfiɗa tabarma ranar kasuwa da awartaki da kwalabe, dagaci ya bincike su. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya shiga na wani ba a dafa ba na ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Duk likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma ba laifi ba ne a nemi ganin takardarsa.

A ƙarshe a ja hankalin iyaye kan turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa can baya wajen shekara 6 ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yawa na ɗaukarsa na nono ne, su bar shi ya ruɓe, su ce ai zai fita. Ɓargon haƙorin yaro ya fi na babba girma, ruɓa na saurin kai masa. A riƙa buɗa bakin yara ana dubawa, in an ga baƙin ɗigo ko ɗan rami a kai su tun bai fara ciwo ba, domin ƙaramin rami cikonsa kaɗan ne, kuɗinsa kaɗan, kuma da wuya ya yi sanyi bayan an cike shi.